Layukan Argon Sun Goce

Dutsen kallon taurari, Chile

Baban Lieke,

Gaisuwa mai yawa, da fatan zuciyar nan taka tana bin umarnin likita.

Mun ɗora na'urarmu a bayan babban madubin hangen taurari. Shekarun da muka kwashe ni da kai a garinmu Dwingeloo muna haɗa ta don ta tsefe hasken da ke gaba da ja, wanda ido ba ya gani, ga shi yau an hana ka hawa dutse. Jiya da hantsi muka kunna fitilar iskar argon don gwaji, wadda haskenta ke fito da layuka a sanannun wurare in na'urar na daidai. Layukanta sun goce daga mazauninsu, na gefe sun dushe. Ignacia, shugabar aikin nan, ta ce ko dai mu rufe ɓarakar da lissafi, ko mu ɗumama akwatin sanyin da na'urar ke ciki mu buɗe. Buɗewa zai ci makonni, ga Lieke watanta ya tsaya. Na rasa abin yi.

Taka,
Femke

Dwingeloo

Maman Lieke,

Saƙonki ya same ni ina cin dankali ba gishiri, hukuncin ɗiyarki.

Na duba hotunan layukan da kika turo. Ƙaramin madubin cikin na'urar ne ya karkata da sanyi ya kama shi. Lissafi zai mayar da layukan, amma ba zai dawo da hasken da ya zube ba, kuma taurari masu dishi-dishi su za a rasa. Kin fi ni sani, so kike wani ya faɗa.

Na gaya wa Lieke. Ta juya ga taga, sannan ta ce, "Ka ce wa Mama ta buɗe. In ta dawo da rabin aiki, a ɗakin haihuwa ma layuka za ta riƙa yi mana zance." Tana dariya, amma na ga ta goge ido. Ban ɓoye miki ba don kin hana ni ɓoye-ɓoye.

Na gama fentin gadon jariri. Ya ɗan karkace, kada ki auna.

Naki,
Douwe

Dutsen kallon taurari

Baban Lieke,

Ina gaishe ku, kai da mai nauyi.

Mun buɗe. Madubin ne, kada ka cika baki. Na daidaita shi, muka rufe. Yanzu sai akwatin ya sake yin sanyi a hankali, kusan mako biyu ba abin da hannu zai taɓa. Ina zaune ina kallon ma'aunin sanyi Ignacia ta zare kujerar daga ƙarƙashina, ta ce in tafi gida, ita ma ta iya kallon allurar ma'auni, kuma fitilar argon ba ta san fuskata ba.

Ban san ko layukan za su zauna daidai ba. Ka zo filin jirgin Schiphol ranar Alhamis da rigar ruwana. Ka ce wa Lieke ta daure ta jira ni.

Taka har kullum,
Femke