Burodin Inna a cikin bulet din Suwidin

Zuwa ga Innata, Hajiya Rabi, Allah ya haskaka makwancinki.

Bayan gaisuwa da ladabi, danki ne Mamman, wanda duk garin Greensboro na nan Amurka ba mai juya nama a wuta kamarshi. Kowa ya sani, har masu bakin ciki.

Inna diyata takwararki ta samu miji. Yaron kirki ne, ya musulunta tun yana jami'a, uwarshi mutuniyar kasar Suwidin ce, tsohuwa doguwa sambal. Ran asabar tazo ganin gidanmu karo na farko. Jikarki duk ta rame, tsoronta kar tsohuwar ta rainamu ta hana danta. Nace ta kwantar da hankalinta, abincin kasarsu zan dafa, bulet dinnan nasu, curin nikakken nama da akeci da miyar madara da dankali.

Na duba a waya yadda akeyi. Naman aladen da suka rubuta na soke, na sayo na rago da na sa a shagon halal na Gate City. Sai naga wai a jika burodi da madara a cuda cikin naman. Nace ina. Suruka ta tako gidana in cika mata nama da burodi, ace Mamman ya talauce a Amurka? Nama zalla na murza.

Inna abinda ya hito daga kaskon nan, in ka jehi kare dashi sai an kaishi likita. Na tauna daya har kunnena yayi kara. Jikarki ta leka kaskon, ta shige daki ta ruhe kofa. Baki kuwa suna shirin tasowa daga unguwarsu Sedgefield.

Ina tsaye da cokali sai na ganki a Damagaram, kan tabarma, kina tsoma burodin jiya cikin madara. Nama dan kadan a kwano, mu kuwa mun cika tsakar gida. Kina murzawa kina cewa, a hankali, nama baya son hushi. Mu duk mun dauka dabarar rashi ce. Ashe ilimi ne, har turawa sun rubutashi.

Na jawo sauran naman nayi yadda kikeyi. Burodi, madara, kwai, soyayyar albasa, gyadar kamshi kadan. Na mulmula kanana na soya da man shanu. Har jan jam dinsu, dafaffen 'ya'yan itace mai zaki da suke dangwala nama ciki, na aje, duk da wannan kam hankalina bai kamashi ba. Yaji na boye a aljihu, don kaina.

Tsohuwa ta kai daya baki. Ta kara. Sai ta cire tabarau tana goge ido, tace rabonta da wannan laushin tun uwarta nada rai, wa ya koya min.

Kin sanni Inna, yabo bai taba wucewa ta gabana ban cafkeshi ba. Bakina har ya bude. Sai na tashi na sauko da hotonki daga bango na aje gabanta. Ta rikeshi da hannu biyu, ta dade tana kallonki, sannan ta jawo jikarki ta rungume. Kahin su tahi tsohuwar da kanta ta tambaya yaushe za'a sa rana.

Allah ya jikanki Inna, ya yalwata kabarinki yadda kika yalwata mana dan abinda ke kwano, ya ciyar dake abinda yahi wannan laushi a aljanna.

Naki har kullum,
Mamman, na biyu a iya bulet duk duniya.