Borin Jini Ba Zai Raba Ni da Gonar Marayu Ba

Daudawa,
Ƙaramar Hukumar Faskari.

Zuwa ga Yaya Salihu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali a can Fatakwal. Mu nan sai godiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana fitowa tsakar gida da kanta, masara kuma ta yi kyau bana.

Saƙonka ya iso, cewa in bar gonar da mijina marigayi Kamilu ya bar mana ni da yara, in tattaro in dawo wurinka saboda ciwon nan. Yaya, na san tausayi ya sa ka faɗi haka, amma ba zan zo ba. Na kuma san wanda ya buga maka waya. Alhaji Zailani ne, wan Kamilu, wanda tun farkon damina yake cewa macen da ke wuni tana susa ba ta iya riƙe gona, gara a bar masa ita.

Ba zan ɓoye maka ba, na sha wuya. Wata bakwai jikina na tashi ruɗu-ruɗu, kamar na yi birgima cikin ƙaiƙayin gero. Ya lafa nan, gobe ya ɓullo can. An yi mani turare, na sha sassaƙe har na gaji. A sunan ɗiyar Hussaina maƙwabciyata, mata suka janye daga kwanon da na sa hannu, wata ma ta ɗauke jaririyar kafin in karɓa. Na dawo gida na yi kukana, washegari na hau mota zuwa asibiti a Funtuwa.

Likitar, wata mai suna Grace, ta ce borin jini ne, ba sammu ba, kuma ba a ɗaukarsa daga wani. Na nuna mata ƙwayar da nake saye a kemis, mai sa ni gyangyaɗi da fartanya a hannu. Ta canza mani da wata ƙwaya mai suna setirizin, ta ce ɗaya kullum, ko ya tashi ko bai tashi ba, kada in jira sai jiki ya ɗau wuta. Ta ce yana iya jan lokaci kafin ya sake ni, kuma duk ranar da leɓe ko harshe ya kumbura, ko numfashi ya yi wuya, in garzayo asibiti. Ni ma na lura zafin rana na tayar da shi, sai na koma fita gona da sassafe, in dawo kafin rana ta take. Yau mako biyar, sau biyu kacal ya tashi.

Ranar Juma'a Alhaji ya kai maganar gaban Mai Unguwa. Na durƙusa na gai da Mai Unguwa, na miƙa takardar da likita ta ba ni aka karanta. Sannan na ce masa ciwon a fatata yake, bai taɓa hankalina ba, gonar kuma ta marayu ce, ni na shuka, ni zan girbe. Mai Unguwa ya ce magana ta ƙare. Alhaji ya tashi ko sallama babu.

In kana son taimaka mani, Yaya, ka kira Alhaji ka gaya masa kana bayana.

Ka gaishe mani da Ummi, da su Abubakar Sadiq da Rukayya. Inna tana sa maka albarka.

Ƙanwarka,
Talatu