Sunana a Waƙar Kawu Ya'u

Daura,
Litinin, 3 ga Maris, 2003

Zuwa ga Kawu Ya'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Innata Adama da dukkan mutanen Baure.

Kawu, yau kwanana arba'in da ɗaya ina aikin magatakarda a kwamitin da ke ba da izinin wasanni. Ba a tabbatar da ni ba tukuna, sai na cika wata uku.

Ranar Alhamis aka kawo takardar neman izinin wasanka: Ya'u Mai Kukuma na Baure, a Gidan Wasan Audi, Asabar 22 ga wata. Na san tun da aka fara Shari'a ba ka yi wasa a Daura ba, sai ka tsallaka iyakar Kongolam ka shiga Nijar. Ya kamata in yi murna. Amma shugabanmu, Malam Nu'uman, ya ɗago takardar a gaban mutum biyar ya ce, "Musaddiq, ai ɗan garinku ne. Ka san shi?" Na ce, "Na san sunansa." Ban yi ƙarya ba, amma ka ga abin da na yi. A ɗakinka na girma.

Inna ta ce ka riga ka sa sunana a waƙar buɗe fage. 'Yan kwamiti biyu za su zo sa ido. Ina roƙonka, da kunya mai yawa, ka cire ni, wannan karon kaɗai.

Ka huta lafiya.
Ɗanka,
Musaddiq

Baure,
8 ga Maris

Malam Daidai,

Wa alaikumus salam. Harisu mai kalangu ke rubuta mini, in ka ga kuskure shi za ka kama, na san halinka.

Ashe ka san sunana! Madalla. Shekara goma sha tara ina wanke maka kai da sabulun salo, ba a yi asara ba.

To saurara. Ka tafi makaranta ka manta yadda gidanmu ke buɗe fage. Tun kakana, kafin a yabi kowa sai a kira mutanen gida masu rai, ɗaya bayan ɗaya. Ba a cire suna sai mai shi ya rasu. Haka na cire na babanka, kana da shekara huɗu, kuma ranar nan izgar kukumata sau biyu tana tsinkewa. Mota uku za ta taso daga Baure. In suka ji na ce Adama, na ce 'yar'uwarka Haulatu, na tsallake ka, kafin wayewar gari an shimfiɗa tabarmar ta'aziyya a ƙofar uwarka.

Amma aikinka aikinka ne, ban yi maka wahala don in ɓata shi ba. In ka sake aiko mini ka ce in cire, zan cire. Sai dai kai za ka gaya wa Adama da bakinka, ni ba zan iya ba.

Allah ya yi maka albarka.
Kawunka, Ya'u

Daura,
Litinin, 17 ga Maris, 2003

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, a gaishe da Baba Harisu. Kuskure biyu kawai ya yi.

Wasiƙarka ta kwana shida a aljihuna. Yau da ƙarfe tara da minti ashirin na shiga ofishin Malam Nu'uman na ce, "Allah gafarta Malam, Ya'u Mai Kukuma yayan mahaifiyata ne, shi ya rene ni."

Bai ko ajiye biro ba. Ya ce, "Na sani. Shi ya yi wasa a sunan ɗiyata ta fari, kana zaune a gefensa riƙe da gorar ruwa. Ranar da na tambaye ka, so nake in ba ka takardar izinin ka kai masa da hannunka, ya ji daɗi. Da ka ce sunansa ka sani, sai na mayar da ita aljihun tebur."

Kawu, kwana goma sha takwas takardarka tana kwance saboda ni. Sai Malam ya ce, "Wanda ya ɓoye kawunsa, gobe me zai ɓoye mini?" Maganar tabbatar da ni, ya ce sai ya yi tunani. Ban san inda za ta tsaya ba, kuma ba laifin kukumarka ba ne.

Ga izinin a cikin ambulan ɗin nan. Sharuɗɗa uku ne: a fara bayan la'asar a tashi kafin magariba, mata a ɓangarensu, ba rawar maza da mata. Na karanta sau huɗu, babu wani abin da ya ɓuya.

Kada ka cire sunana. Ka yafe mini, kuma don Allah kada Inna ta ji na taɓa roƙon haka.

Abu ɗaya kawai. Haulatu ta ce a waƙar ka kira ni lauya. Ni ba lauya ba ne, labarin ƙasa na karanta. A gyara.

Ɗanka,
Musaddiq

Baure,
19 ga Maris

Malam Daidai,

Salamu alaikum. Izini ya iso.

Adama ta riga ta ji, ita ta fara buɗe wasiƙarka ta farko, Haulatu ta karanta mata. Ta ce ba za ta yi maka magana ba sai ta gan ka a filin.

Lauya yana nan daram. Na gwada labarin ƙasa da kukuma, Harisu ya faɗi don dariya.

Na sa a ajiye maka kujera a layin gaba, kusa da 'yan kwamitinku. In na kira suna, a gidanmu miƙewa ake yi.

Sai Asabar, in Allah ya kai mu.
Kawunka, Ya'u