Kofin da Anti Rifkatu Ta Ƙi

Dengfeng, Guangzhou
Asabar

Zuwa ga Yaya Hindu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Goggo da yara, da fatan karatun jinya bai ramar da ke ba. Kada ki yi mini dariya don na sake rubutu a takarda na ɗauko hotonta. Idan raina ya ɓaci ba na iya latsa waya, sai biro.

Kin san ciwon marar nan na Umma. Likitocin nan ba su jin Turanci sosai, tafintocin da Abba ya sani a kasuwar takalma kuwa duk maza ne. Umma ta rantse ba za ta faɗa wa ɗan wani abin da ke damun ta ba. Sai Allah ya haɗa mu da Anti Rifkatu, 'yar Jos, Kirista, tana karatu a Tianhe. Hausa a bakinta, yaren mutanen nan a bakinta. Duk ranar da ba ta da aji, raka matanmu asibiti take yi.

Yaya, na so ta. Doguwar riga, murya ƙasa-ƙasa, ga wani hoto a jakarta da take leƙawa ta yi murmushi. Har na tsara mata labari a raina: wani ne ta baro a Jos, yana can yana jira, gemu ya fito masa saboda bege.

Ashe begen nawa ne ya yi yawa! Ranar Lahadin farkon wata ta leƙo duba Umma. Umma da ciwonta ta tashi ta tuƙa tuwon shinkafa, ta kaɗa kukar da muke tattali kamar zinariya, har da man shanu. Anti Rifkatu ta ce, “Na gode, Mama, ba yau ba.” Ko ruwa ba ta taɓa ba.

Muka ce wataƙila ta ƙoshi. Shekaranjiya ta dawo don raka mu gwajin jini. Umma ta dafa shayi da citta da kanumfari, ta fito da kofunan gilashin nan masu bakin zinariya, waɗanda ni kaina ba a bari in wanke. Da hannunta ta miƙa mata. Anti Rifkatu ta sunkuyar da kai ta ce, “Ki yi haƙuri, Mama.” Shayin ya huce a gabanta.

Ba mu yi awa biyu a asibiti ba wata nas 'yar China ta miƙo mata kofin takarda yana tururi. Yaya, ta karɓa da hannu biyu ta shanye! A gaban Umma!

Da muka dawo Umma ta ce, “Wato na 'yar China halal ne, namu ne najasa. Najiba, kada ƙafarta ta sake taka mini ɗaki.”

Ni ma na ji haushi, wallahi. Kuka na yi a banɗaki. Amma ranar Alhamis likita zai faɗi sakamako, ya yi tambayoyin da sai Umma ce za ta amsa. Ni yaren nan iyakata “na gode” da “meyo”, wato babu. Umma ta ce gara ta zauna da ciwonta. Abba ya yi lallashi har ya gaji ya tafi kasuwa.

Yaya zan yi?

Ƙanwarki,
Najiba

*

Kano
Lahadi

Najiba 'yar mafarki,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya, Goggo na amsawa.

Na karanta takardarki har da ɗigon hawayen da kika tabbatar ya fito a hoto. Tambaya ɗaya: a cikinku akwai wanda ya buɗe baki ya ce mata, “Me ya sa?” Na san amsar. Umma ta kumbura, ke kin shige banɗaki.

Mai ƙyamar mutum ba ta riƙe masa robar fitsari zuwa ɗakin gwaji, ke kika gaya mini ta yi wa Umma haka wancan watan. Ban ce ta kyauta ba. Na ce ban sani ba, ku ma ba ku sani ba.

Ciwon mara na wata huɗu ba abin yi wa fushi ba ne. Alhamis ɗin nan kada ta wuce. Tunda bakinki ba ya buɗuwa a gaban mutane, ɗauki biron nan naki ki yi abin kirki da shi sau ɗaya. Saurayi mai gemu kuma ki bar shi ya huta.

Yayarki,
Hindu

*

Dengfeng
Litinin

Zuwa ga Anti Rifkatu,

Ina gaishe ki da girmamawa. Ki gafarce ni, ban taɓa rubuta wa babba irin wannan ba.

Kin ƙi tuwonmu. Kin ƙi shayinmu a kofin da Umma ba ta fitarwa sai don babban baƙo. Sannan kin sha na nas. Umma ta ce ƙyamar mu kike yi don mu Musulmi ne, ta ce kada ki sake zuwa, kuma ba za ta je asibiti ranar Alhamis ba.

Idan ƙyama ce, me ya sa kike riƙe mata hannu a lif ɗin asibiti? Idan ba ita ba ce, me ya sa kika bar tsohuwa mara lafiya tana tsaye da kofi a hannu ba ki faɗi dalili ba? Ko wanne ne, ba ki kyauta ba, Anti. Ni da nake ganin babu kamar ki.

Ki amsa don Allah.

Najiba Shitu

*

Tianhe
Talata

Ƙanwata Najiba,

Na gode da gaisuwa, ki gaida Mama da jiki.

Ƙyama? Ni Rifkatu, da na tashi ina zagaye gidajen maƙwabta da kwano ranar Sallah? Na karanta kalmar nan sau uku, raina ya ɓaci. Daga baya na gane da kaina ya kamata in yi fushi.

Ni 'yar cocin da mutane ke kira Mormon ce. Ba ma shan shayi, ba ma shan kofi, alkawari ne tsakaninmu da Allah. Lahadin farkon kowane wata kuma azumi muke yi, ba ci ba sha. Ranar tuwon nan ƙamshin man shanu ya kusa sa ni kuka. Abin da nas ta ba ni ruwan zafi ne zalla, kin san mutanen nan da shi.

Ina da shekara sha tara coci ya tura ni aikin mishan a Hong Kong, wata goma sha takwas. A can na koyi yaren. Shida da rabi muke tashi, mu biyu ni da abokiyar aikina, ba mai rabuwa da wata. Mu yi karatu, mu fita. Rabin aikin ba wa'azi ba ne: goge daɓen gidajen tsofaffi, hawa bene bakwai da buhun shinkafa, zama da wanda ba shi da mai zama da shi. Akwai wata Kaka Leung da nake yanke wa farce duk Juma'a, hotonta yana jakata har yau. Kullum sai ta zuba mini shayi, kullum sai in nuna mata baƙin bajon cocinmu da ke ƙirjina, ta yi tsaki ta kawo ruwa. Bajon ne yake yi mini bayani.

A nan babu bajo. Na gama mishan, a nan kuma, ba kamar Hong Kong ba, ba a yarda baƙo ya yi wa'azi ba, sai na saba kulle bakina a kan addini. A gidanku na ƙara kulle shi, ina tsoron kada Mama ta zaci rakiyar asibitin tarko ce. Ina gudun ɓata mata rai ta nan, ashe na ɓata ta can.

Alhamis ƙarfe takwas ina ƙofar asibiti. Idan ba ta son ganin fuskata, in tsaya a bayanta, muryata kawai likita ke buƙata.

Yayarki,
Rifkatu Dung

*

Dengfeng
Juma'a

Yaya Hindu,

Salam, a gaida kowa. A gurguje.

Na rubuta wa Anti Rifkatu ta amsa, na karanta wa Umma wasiƙar. Na zaci za ta huce. Ina! Sabon faɗa ta buɗe: “Azumi? Yarinyar nan azumi take yi ta bar ni ina kwarara man shanu a gaban hancinta? Alhakin wa take so in ɗauka? Ba ta da baki ne?”

Jiya ƙarfe bakwai ta riga ni sa mayafi. Na ga ta cusa fulas a jaka, ban tambaya ba.

Anti Rifkatu na tsaye a ƙofa. Ta durƙusa za ta gaishe ta, Umma ta ce, “Tashi. Kunun gyaɗa fa, shi ma cocin ya hana?”

“A'a, Mama.”

Sai Umma ta zaro ƙunshin ɗankwali daga jaka ta warware, ga kofin gilashin nan mai bakin zinariya, ta cika shi da kunu daga fulas. A bakin titi, Yaya, mutane na wucewa suna kallo! Sai da Umma ta sa ta shanye kofi uku.

Likita ya ce ƙari ne amma ba mugun ba, za a cire shi wata mai zuwa. Umma ta amsa duk tambayoyinsa, ni aka kora waje.

Hoton nan kuwa, wata tsohuwa ce mara haƙori. Kada ki ce komai.

Ƙanwarki,
Najiba