Na Ci Irin Dawarka, Baba

Assalamu alaikum, Baba.

Gaisuwa da fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Na san ba za ka karanta wannan wasiƙa ba. Ko kana da rai ma ai ni za ka miƙa wa in karanta maka, ina tsallake wuraren da ba su yi mini daɗi ba. Yau ba abin da zan tsallake.

Gida lafiya. Inna na nan da ciwon gwiwarta. Matata Hadiza ta haihu, namiji, mun sa masa sunanka, muna kiransa Abba. Ya ɗauko goshinka da kuma taurin kanka. Har yanzu ba mu koma Kusasu ba, hanyar dai sai addu'a. Muna nan a gidan hayar da ka bar mu, da ɗan filin aron nan na bayan gari.

Baba, ka tuna zangarniyoyin dawar da ka rataya a rufin kicin? Ranar da 'yan bindiga suka tashe mu daga Kusasu, mutane na ɗaukar katifa da tukwane, kai kuwa ka rungumo damin dawar nan kamar jariri. Na yi maka dariya a raina. Ka ce kaura ce da ka gada daga kakanka, in ta ɓace, gonarmu ta ɓace ko da ƙasar na nan. Kowace shekara ita kake fara zaɓa ka rataya hayaƙi ya tsare ta, kafin a taɓa ko ƙwaya don ci.

Na cinye ta, Baba.

Bari in faɗa maka yadda aka yi. Da ka rasu, na ce ɗan mai albashi ba zai yi sadakar arba'in ta talauci ba. Na yanka rago, na tara jama'a, na ɗinka sabuwar shadda don karɓar gaisuwa. Kai da ba ka taɓa mallakar riga fiye da uku ba! Aka yi ta sa mini albarka, ni kuma ina ta hura hanci. Da aka watse, sai ni da bashi muka rage a tsakar gida.

Daga nan tsoro ya kama ni. Waya ta yi ƙara, gabana ya faɗi. Na daina bi ta gaban shagon Malam Isa mai bina bashi, sai in zagaya ta bayan masallaci kamar ɓarawo. Albashi ya shigo, ko duba nawa ne ba na yi, sai in yi ta cira har na'urar banki ta ƙi ni. Ina ganin in ban duba ba, matsalar ba ta ganina. Wace irin dabara ce wannan ga malamin da ke koyar da lissafi?

Da bazara albashi ya makara, buhu ya ƙare. Kunya ta hana ni zuwa wajen kowa. Na bari Inna ta tafi barka, na hau turmi na sauke dawarka, na sa Hadiza ta sussuke aka kai niƙa. Da Inna ta dawo ta ga rufi wayam, na ce mata ƙwari ne suka cinye, na zubar. Ta dube ni, ta wuce ɗaki.

Da ruwa ya sauka, kowa ya fita shuka, ni ina tsaye a bakin fili hannu rabbana. A nan na gane abin da na yi. Na tuna abokinka Baba Dogara na Kazage, wanda ka taɓa ba irin nan. Shi ma yana cikin gari yanzu. Sau biyu ina kaiwa ƙofar gidansa ina juyowa. Da na shiga na faɗa masa gaskiya, bai yi mini faɗa ba. Da ma ya yi, da ya fi mini sauƙi. Ya cika mini ƙwarya da irin, ya ce abin abokinsa ne yake mayarwa gida.

Inna ce ta koya mini sauran. Albashin da ya biyo baya, ta sa na ciro shi duka na baje a tabarma, ta ce in dube shi da kyau, ba maciji ba ne. Sai ta sa na kasa shi yadda kake kasa amfanin gona: na ci, na iri, da na ranar da ba a sani ba. Na irin shi na fara warewa, na shiga adashi da shi. Na je da ƙafata wajen Malam Isa muka shirya biya kaɗan-kaɗan. Yanzu ta gaban shagonsa nake bi, har in tsaya mu gaisa. Daidai ruwa daidai tsaki, shaddar nan ma na sayar.

Dawar ta yi, Baba. Da kaka na zaɓi manyan zangarniyoyi na rataya a inda kake ratayawa. Wannan watan ma albashi ya makara, mun koma kunu da rana, amma ba wanda ya hau turmi.

Shekaranjiya na tattaro ƙarfin hali na faɗa wa Inna cewa ba ƙwari ba ne. Ta ce ta sani tun daga lomar farko. Tun tana amarya take tuƙa tuwon kaurarka, ya za a yi ta kasa gane shi? Sai na tuna ranar nan loma ɗaya ta yi, ta ture wa yara kwanon ta ce ta ƙoshi. Ni kuwa har na nemi ƙari.

Ka yafe mini, Baba. Allah ya haskaka kabarinka, ya sada mu cikin alheri.

Ni ne ɗanka mai sunkuyar da kai,
Sabi'u