Waliyyin Talatu

Sansanin Masu Hanya,
Sabuwa.
4 ga Janairu, 1977.

Zuwa ga Yaya Fatsuma,

Gaisuwa mai tarin yawa. Ina gajiya, yaya gwiwar nan taki da sanyi? Ina fata mutanen Mabai duk lafiya, dawa kuma ta shiga rumbu. Talatu, na san ke ke karanta wa goggonki wannan, to malamar makaranta, ke ma ina gaishe ki.

Direban tifa ya kawo mini saƙo cewa an sa ranar Talatu da malamin gonan nan na 'Yargoje, kuma ni za ni tsaya waliyyi, tunda mahaifinta Rabo ya rasu, ni kaɗai na rage namiji a ɗakinmu. Na yi murna, Yaya. Sai dai ƙafar da kurkunu ya fito mini bara ba ta gama saki ba. Ga Baturenmu ya rantse sai kwalta ta kai Faskari kafin ruwa ya sauka, sai ka ce da shi damina ke shawara. Ko za a duba wani?

Ƙanenki,
Mani.

Sabuwa.
19 ga Janairu, 1977.

Zuwa ga Yaya Fatsuma,

Ina gaishe ki da kyau, ina fata kin tashi lafiya, ke da yara. Kin aiko cewa ko da rarrafe ne in zo. Tun muna ƙanana ƙaryata ba ta taɓa wuce ki ba, ban san abin da ya sa na gwada da furfura ba. Ƙafa lafiyarta lau. Talatu, karanta a hankali, in akwai wani kusa ki dakata.

Kin san yadda na yi da kuɗin nan na man fetur suka shigo. Na bar gona na bi kamfani, na zama shugaban lebura, na sayi babur, na sayi rediyo, na rufa ɗaki da kwano. Shekarar da aka buga kwanon, matata Safara'u ta rasu. Na zauna ƙarƙashinsa ni kaɗai, ban samu komai ba sai zafi. Na yi ta yawo wurin masu ba da taimako, har gidan bori na shiga a ɓoye. Kowa sai ya faɗa mini wane ne maƙiyina, alhali ni tambayata ita ce, me ya sa gari ke waye mini. Ban ɗora wa kowa laifi ba. Ni ne ban samu ba.

Da kurkunu ya kwantar da ni, abokan cin kaji suka ɗauke ƙafa. Sai wani kafinta, Audi, Bahaushe ne ɗan wani ƙauye bayan Ƙanƙara, Kirista. Mako bakwai kullum da safe yana zuwa ya naɗe tsutsar a tsinke kaɗan-kaɗan, don in ta tsinke ƙafa ta ruɓe. Yana jira yana duba wani ɗan littafi. Na ce ya ɗaga murya, ko na manta da zogi. Labarin Almasihu ne. Na saurara don in samu abin yi masa ba'a, sai na tarar ina ƙosawa gari ya waye. Abin da na ji shi ne, wanda na gaji da nema, shi ma yana nemana. Bayan kaka aka yi mini baftisma a rafi.

Na faɗa, Yaya.

Da zan iya yin shiru in zo in zauna kan tabarma in ba da auren. Amma kin san a addininku aure bai ɗauru da waliyyi irina. Ranar da maganar ta fito, kuma za ta fito, cewa za a yi Talatu zaman banza take yi, a kira ɗiyanta da sunan da ba zan iya rubutawa ba. Ina tsoron ki cire ni daga danginki. Amma na Talatu ya fi ba ni tsoro. A ba Abdulkarim ɗan Baba Gide, jininmu ne.

Kwana uku takardar nan na aljihuna. Yau zan ba direba kafin in sake shawara.

Ƙanenki,
Mani.

Sabuwa.
7 ga Fabrairu, 1977.

Zuwa ga Yaya Fatsuma,

Barka da gajiyar biki, Allah ya ba su zaman lafiya. Ina fata baƙi sun watse kin samu kin miƙe ƙafa. Ban san wa zai karanta miki wannan ba tunda Talatu ta tare, don haka zan taƙaita.

Ba ki aiko da amsa ba, amma na zo. Kina ciki, ba ki ga abin da aka yi a ƙofar gida ba. Na aje babur nesa, na zauna can ƙarshen tabarma wurin takalma. Da liman ya nemi waliyyin amarya, duk kawuna suka juyo kaina. Yaya, na yi aiki kusa da nakiyar fasa dutse ban ji abin da na ji a lokacin ba. Sai Abdulkarim ya gyara murya ya ce shi ne, wai kin ce Baba Mani ya wakilta shi. Liman ya dube ni, na gyaɗa kai. Aka shafa fatiha, aka raba goro, aka ba ni nawa. Wasu sun gaishe ni kamar kullum. Biyu sun kau da kai, ko kuwa idona ne, ban sani ba.

Na zauna a zaure har la'asar ina jiran ki kira ni ciki. Ba ki kira ba. Sai ga Mero matar Abdulkarim da fura a ƙwarya, ta ce daga wurinki. Da tsamin nan da nake so kika dama ta. Na shanye, na aje ƙwaryar bakin ƙofa na taho.

Tun daga hanya abu ɗaya ke cina. Ƙwaryar nan da na sha, kin wanke kin mayar cikin sauran, ko kin ware ta gefe? Ba sai kin sa an rubuta ba. Ki faɗa wa direba kalma ɗaya, yana wucewa ran kasuwa.

Ni ne ƙanenki,
Mani.