Takardar Wasiyyar Ido

Zuwa ga Yaya Gazali, Kebbe.

Assalamu alaikum. Ya ƙafar Inna? Ya Mu'minatu da yara? Ni lafiya lau nike a Indiya. Abincinsu ne dai bai karɓe ni ba, amma kada Inna ta ji.

Yaya, kaina ya ɗaure. Jiya ƙungiyar likitocin ido ta zo asibitin da nika koyon jinya. Su ke kula da ma'ajiyar fatar nan mai haske ta saman ƙwayar ido. Mutum kan yi wasiyya a cire tasa bayan ya rasu, a dasa wa mai hakiya. Na ga tsohon da aka yi wa. Ana kwance bandeji ya dubi ɗiyarsa ya ce, "Ashe kin yi furfura."

Na nuna wa shugabarsu hoton idon Baba, inda karan dawa ya soke shi. Ta ce irin nasa yana gyaruwa. Sai ta miƙo mini takarda ta ce, "Ke fa, za ki ba da naki?"

Na kasa sa hannu. Ina son Baba ya gani da idon mamacin wasu, ni kuwa ina tsoron a kai ni kabari ba cikakkiya ba. Ban san mi wannan ya mai da ni ba.

Don Allah ka je Tambuwal ka tambayi Malam Abdulganiyyu hukuncin abin. Kada ka gaya wa Baba tukuna. In ya tambaye ni idon wa za a sa masa, ba ni da amsa.

Allah shi haɗa fuskokinmu.
Ƙanwarka, Humaira